Sifeto da Sugan Jibi

Duk wanda ya taɓa zaman layin asibiti ranar Alhamis, ranar da ake ganin mu masu ciwon suga, ya san Sifeto. In ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don ita take riga shi shigowa. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwar tsari. Takalminsa na ƙyalli, gashin bakinsa a daidaice kamar da rula aka auna shi, ga jan biro a soke a aljihun gaba kullum, har gaisuwar mutuwa da shi yake zuwa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba makarantu kafin ya ajiye aiki, kuma a faɗarsa, duk tsawon shekarun nan babu malamin da ya taɓa yi masa ƙarya ya sha. Mu dai ba mu musa ba. Wa zai tsaya musu da mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya gyara maka gaisuwar?

Littafi shi ne fanninsa. Ka miƙa masa rajistar malami, sai ya ɗaga ta saitin taga, ya karkata kai, ya yi wani ɗan murmushi mai kaɗa hanjin mutum. “Biro ɗaya,” zai ce, “hannu ɗaya, zama ɗaya. Ga ma inda hannun ya gaji.” Daga nan sai ya zare jan biron ya rubuta a bangon littafin: An cika a zama ɗaya. A same ni a ofis. Malamai da yawa sun rame a kan wannan layi guda. Su suka sa masa Jan Biro a bayan idonsa, da labarin ya iso kunnensa kuwa bai ji haushi ba, daɗi ma ya ji.

Da suga ya kama shi shekara shida da suka wuce, mun ɗauka zai yi laushi kamar yadda ciwon ya lausasa mu. Ina! Sabuwar makarantar dubawa ya samu, wato mu. Kowannenmu likita ya ba shi ɗan littafi, a huda yatsa safe da yamma, a ɗiga jini a 'yar takardar gwaji da ke cikin na'ura, a rubuta lambar da ta nuna. To mu, tsakani da Allah, a kan bencin asibiti muke cika namu, da biron aro, ana leƙen na juna kamar 'yan jarrabawa. “Kai me ka sa ranar Litinin?” “Ɗari da goma.” “To bari in sa da sha biyar, kada su zo ɗaya.” Sifeto yana gefe yana girgiza kai, nasa littafin a cinya cikin rigar leda, tsaf, babu ko lanƙwasa. Lambobinsa kuwa masu ladabi ne, ba sa wuce ɗari da goma, ba sa sauka ƙasa da casa'in da biyar. Gwajin jinin da asibiti ke yi duk wata uku ne kaɗai yake yi masa rashin kunya, shi kuma tuni ya gano dalili. Na'urar asibitin ce take bukatar sifeto.

Yana da ƙanwa, malamar lissafi a sakandare. Ita suga bai jira ta manyanta ba, tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya ya same ta. Allura huɗu a rana, haka ta yi karatu, haka ta koyar shekara ashirin da 'yan kai. Bara ta rasu. Ta bar wasiyya cewa abin da ta bari a riƙa ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya mai ciwon suga duk shekara, karatunsa da kayan gwajinsa, har ya gama sakandare.

Kada a zalunci Sifeto, yana son ƙanwar nan. Ranar da ta rasu banɗaki ya shiga ya kunna famfo don kada a ji, ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya fito ya ce mura ce. Sai dai shi ko baƙin ciki zai yi, da tsari yake yin sa. Ba a yi wata biyu ba aka ga ƙaton ƙyalle a bangon gidansa: Gidauniyar Tunawa da Marigayiya, Ƙarƙashin Jagoranci, Kulawa da Hangen Nesan Yayanta, Tsohon Babban Sifeton Makarantu. Hoton marigayiya yana can a lungu, bai fi na katin shaida ba. Nasa kuwa ya cinye rabin ƙyallen, ya riƙe haɓa yana kallon nesa. Har mutum biyu suka shigo yi wa matarsa gaisuwa, sun ɗauka shi ne ya rasu.

Kwamitin mutum uku ne. Shi ne shugaba, ba sai an faɗa ba. Sai matarsa a madadin dangi, sai Sista, nas ɗin da ta shekara goma sha biyar tana duba marigayiya, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. A zaman farko Sifeto ya karanta musu dokoki ashirin da bakwai da ya tsara shi kaɗai. Ta farko ita ce ya fi ji da ita: Duk wanda aka kama ya yi ƙarya a littafin sugansa, ba shi ba Gidauniya har abada.

Sista ta ce ko a rubuta “duk ɗalibin da”, tunda ɗalibai ake nufi.

Sifeto ya cire gilashi ya dube ta da tausayi. “Sista, ke fanninki allura, ni fannina doka. Kalmar ɗalibi ta yi ƙunci. Doka in za ta amsa sunanta, kowa take hawa, babba da yaro. A bar shi a duk wanda.” Aka bar shi, har ya ja masa layi biyu da jan biro.

Yanzu sai a biyo shi ranar Lahadi da la'asar, zuwa ɗakin da yake kira ɗakin nazari, wanda matarsa har yau sito take ce masa, don buhun shinkafa da tsohuwar fanka suna nan a bayan kujerar. Ya turo ƙofa, ya zauna, ya jera biro uku a kan tebur: shuɗi, baƙi, da wani shuɗin da ya kusa ƙarewa. Ya buɗe littafin sugansa, ya fara daga Juma'ar makon jiya. Safiya da shuɗi, yamma da baƙi. Asabar ya karkata hannu kaɗan, kamar wanda ya rubuta a tsaye. Lahadi ya ɗauko mai ƙarewar, ya ɗan kankare takarda, yadda duk mai hankali zai gane cewa biro ne ya ba da wahala a ranar. Ai ba a banza mutum yake shekara talatin da ɗaya yana kama masu zama ɗaya ba. Ya san duk ƙofar da ake shiga a kama su, ya kuma toshe ta.

Shi bai ɗauki wannan ƙarya ba. Daidaita bayanai yake ce masa a zuciyarsa. Mutum mai ƙwarewa irin tasa ai yana jin sugansa a jikinsa, ba sai wata 'yar na'ura ta gaya masa ba. Akwai kuma wata magana da ko matashin kansa bai taɓa gaya wa ba: Sifeto yana tsoron huda yatsa. Mutumin da shugabannin makarantu ke jin ƙarar motarsa su nemi banɗaki, shi ne ɗan tsinin da bai kai ƙayar kifi ba yake sa wa zufa.

Da ya iso Lahadi sai ya tsaya ya yi tunani. Mako ne mai cunkoso. Talata ganawa da ɗalibai, Laraba rubuta rahoto, Alhamis asibiti. Yaushe zai sake samun zama? Sai ya zarce abinsa, Litinin, Talata, Laraba, har safiyar Alhamis, ya ba ta ɗari da ɗaya don ya shiga wurin likita da fara'a. Ya hura takardar, ya jingina, yana jin daɗin kansa.

Matarsa ta leƙo za ta ɗebi shinkafa. “Baban yara, aikin gida ake yi?”

“Aikin Gidauniya,” ya ce, ya kife littafin da sauri. Ta ɗebi shinkafarta ta fita. Shekara talatin da huɗu suna tare, ta san abin da ake cewa da abin da ake ajiyewa sai ranarsa.

Ranar Talata aka ba su ɗakin karatu na wata sakandare. Dogon tebur, kujeru uku a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen, fanka tana juyawa tana ƙara kamar ana yi mata dole. Kafin su shiga Sifeto ya ce ya manta takarda a mota. Ya yi minti goma, ya dawo babu takarda, yana kakkaɓe gashin baki. A aljihun gaban motar nan, ƙarƙashin takardun inshora, akwai wani kwalin biskit mai kirim da ba ya cikin kowane rahoto.

Ɗalibai uku suka rage cikin masu nema, gurbi kuwa ɗaya ne. Na farko ɗan wani mai kantin magani ne, littafinsa fes, lambobi a jere kamar sojoji. Ta biyu 'yar wata ma'aikaciyar banki ce, nata har da layin ja da ta ja da rula. Sifeto ya duba, ya gyaɗa kai, ya duba, ya gyaɗa kai. Biro ɗaya ne, hannu ɗaya, zama ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane. Amma lambobin sun yi kama da nasa ƙwarai, sai ya ji yaran sun kwanta masa a rai.

Ta ukun 'yar direban bas ce, aji na ƙarshe, siririya, gefen yatsunta duk ɗigo-ɗigon baƙi na huda. Uwarta tana waje a kan benci, ta rungume jaka a ƙirji. A takardar neman da yarinyar ta cike ta rubuta abin da babanta ya ce, ba ta ƙara ba ta rage ba: allura da makaranta, ɗaya zai iya ɗauka, kuma allura ba a ajiye ta. In ba ta samu tallafin nan ba, wannan zangon ne na ƙarshe, saura wata biyar ta zauna jarrabawar fita. Sifeto ya karanta wannan tun a gida, ya kuma gano cewa ta manta waƙafi a layi na uku, ya sa mata shi da ja.

Da ta miƙo littafinta, da yatsa biyu ya karɓa. Bangon ya rabu an ɗinke shi da zare. Gefen shafuka duk tabon jini ƙanana. Lambobin kuwa babu tarbiyya ko kaɗan: yau ɗari biyu da sittin, gobe hamsin da takwas, jibi ɗari da talatin. Ga rubutu a gefe da fensir, da biro, da abin da ya samu. “Jarrabawar lissafi, tsoro.” “Na yi ƙasa a filin wasa, malama ta ba ni alewa.” “Na sha lemo. Na sani.” Wani wurin kwana huɗu babu komai, sai layi ɗaya: “Takardar gwaji ta ƙare.”

Sifeto ya ajiye littafin a can ƙarshen tebur, ya goge yatsunsa da hankici. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga. Matarsa ta dubi agogo, Sista ta dubi fanka.

“Ya ku manyan gobe,” ya fara, “ciwon suga ba ciwo ba ne, jarrabawa ce ta ɗa'a. Kuma ni, da na yi shekara talatin da ɗaya ina auna ɗa'ar al'umma, ina gaya muku cewa littafi shi ne fuskar mutum. Ka nuna mini littafinka, in gaya maka ko kai wane ne. Wannan Gidauniya, da na kafa da gumina domin tunawa da ƙanwata, ba za ta zama mafakar sakaci ba. Ɗari biyu da sittin! Hamsin da takwas! Wannan suga ne ko lilo? Kuma a rubuta da hannu, ba kunya, na sha lemo! Ni da nake gabanku, shekara shida rabon da wani abu mai zaƙi ya ratsa maƙogwaron nan.”

Wani ɗan ɓarɓashin biskit ya faɗo daga gashin bakinsa ya sauka a kan takardar dokoki. Sista ta bi shi da ido har ƙasa.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba, amma ta gane an gama da ita, ta fara tunanin yadda za ta fita ta dubi uwarta. Da Sifeto ya tsaya a nan, da shi ke nan. Amma wa ya taɓa ganin Sifeto ya tsaya a inda ya kamata? Ya zuge jaka, ya fito da littafinsa mai rigar leda, ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

“Ga misali. Ban cika son nuna kaina ba, amma tarbiyya ta tilasta. Ku karɓa ku duba, ɗaya bayan ɗaya. Ke musamman, ki duba da kyau.”

Na farko ya duba ya ce ma sha Allah. Ta biyu ta duba ta ce ma sha Allah. Yarinyar ta karɓa, aka ce ta duba da kyau, ita kuwa ta duba da kyau. Ta buɗe shafi, ta buɗe wani, ta kai na ƙarshe, ta tsaya. Ta ƙirga da yatsa. Ta ɗago kai.

“Baba, don Allah yau wace rana ce?”

“Kun ji ko? Ɗaliba ba ta san rana ba! Talata.”

“To ai na ga an rubuta na yammar yau, da na Laraba, har da na safiyar Alhamis. Ɗari da ɗaya.” Ta dube shi da idanu fal tambaya. “Baba, wace irin na'ura ce take nuna na jibi? Da zan samu irinta da na huta da huda.”

Har yau a layin asibiti ana gardama ko da gaske take tambaya ko da gayya. Mu dai da muka san zafin huda, mun fi zaton da gaske take.

Fanka ta ci gaba da ƙararta. Sifeto ya ji wani gumi ya taso masa daga ƙeya ya gangara cikin riga. Shekara talatin da ɗaya! Biro uku! Ya toshe kowace ƙofa, ashe ya bar taga a buɗe. Amma borin kunya ma fanni ne, kuma a nan ma ba baya ba ne.

“Wannan,” ya ce, “shi ake kira tsara gaba. Ba darasin ajinku ba ne. Mutumin da ya san jikinsa yana iya hasashe. Kuma don kada wani ya fita da shakka, yanzu zan gwada a gabanku.”

Me ya kai shi? Shi ma daga baya ya tambayi kansa. Ya ciro na'urarsa daga jakarta ta fata, sabuwa fil kamar yau aka saya. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya girgiza ta, ya bubbuga ta a tafin hannu, ya kai ta saitin taga kamar rajistar malami.

“Kayan zamani,” ya ce, “babu inganci.”

“Baban yara,” matarsa ta ce a hankali, tana gyara mayafi, “ai batirinta yana cikin makullin mota. Tun bara, ranar da motar ta ƙi buɗewa a bakin kasuwa. Ka ce aron kwana biyu ne.”

Ɗan mai kantin magani ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba.

Yarinyar ce ta buɗe jakar makarantarta ta fito da tata na'urar, tsohuwa, an ɗaure murfinta da roba. Ta girgiza 'yar kwalbar takardun gwaji, ta leƙa ciki. Saura uku, kuma su ne za su kai ta ƙarshen mako. Ta zaro ɗaya ta miƙa wa Sista. Sista ta sa sabon tsini daga jakarta, ta kama hannun shugaban Gidauniya. Ya rufe ido, ya juya kai, ya cije leɓe.

“Baba, ba a tsakiyar yatsa ake yi ba,” yarinyar ta ce. “A gefe. Ya fi sauƙi, wallahi. Ka ja numfashi.”

Ya ja numfashi. Kafin ya sauke an gama. Na'urar ta ƙirga daƙiƙa biyar ɗinta, ta yi ƙara, Sista ta juyo da fuskarta kowa ya gani. Ɗari uku da goma sha biyu. A littafi, safiyar Talata ɗari da uku ce, da shuɗin biro.

“Tashin hankali ne,” Sifeto ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Yaran nan sun tayar mini da hankali.”

“Da mai kirim,” in ji matarsa.

Sista ta jawo takardar dokoki, ta hure ɓarɓashin da ke kanta, ta karanta doka ta ɗaya daga farko har ƙarshe, ba gaggawa. Da ta zo kan kalmomin nan biyu masu layin ja, sai ta maimaita su. Yaran nan biyu masu littafi fes kowanne ya janye nasa daga kan tebur a hankali ya tura ƙarƙashin cinya.

“Ɗalibai ake nufi,” Sifeto ya ce.

“Na faɗa a lokacin,” in ji Sista. “Aka ce fannina allura.” Ta ajiye takardar. Ta miƙa hannu can ƙarshen tebur ta ɗauko littafin yarinyar, ta shafa bangon da aka ɗinke. “Shekara goma sha biyar ina karanta littafin marigayiya. Ya fi wannan datti. Da yau ita ce ta zauna a kujerar can, da ka kore ta.”

Wannan ce ta same shi. Ba lambar ba, ba batirin ba. Don ya san littafin da ake magana. Yana cikin aljihun teburinsa na sito, a ƙasan komai, tun ranar da aka kwashe kayanta. Ya karanta shi sau ɗaya ya ɓoye, ya gaya wa kansa cewa mutuncinta yake karewa. Ƙarya ne, nasa yake karewa, don yana ciki. Akwai wani shafi da ya haddace ba da son ransa ba, da rubutunta mai kwanciya gefe: “Ɗari uku da goma. Yaya ya zo ya yi mini wa'azin awa guda a kan kek ɗin da ɗalibaina suka kawo. Ya tafi da rabi, wai zai zubar. Allah Ya bar mini Yaya.”

Bai zubar ba. A mota ya cinye, a bakin ƙofarta, ashe tana kallonsa ta taga. Shekara da shekaru ta san shi sarai, ba ta taɓa tona shi ba, sai dai ta rubuta ta yi dariyarta ita kaɗai. Kewarta ta taso masa, ga shi babu famfon da zai kunna. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Sai kuma ya yi dariya. Wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda matarsa ta ce rabon da ta ji ta tun suna gidan haya. Ya jawo littafinsa, ya zare shi daga rigar leda, ya ɗaga shi saitin taga, ya karkata kai.

“Biro uku,” ya ce, “hannu ɗaya, zama ɗaya. Ga ma inda wayon ya ƙare.”

Ya zare jan biro ya rubuta a bangon, da rubutun nan da ya ramar da malamai: An cika a zama ɗaya. A same ni a ofis. Sannan ya jawo takardar yarinyar ya sa hannu, ya tura wa matarsa da Sista su ma suka sa. Ya miƙe, ya gyara murya, don hali ba ya fita a yini guda.

“Kwamiti, bisa hangen nesan shugabansa…”

Matarsa ta yi gyaran murya.

“Kwamiti dai,” ya ce, “ya ba ki. Ki je ki gaya wa mamarki. Kuma Gidauniya za ta mayar miki da takardar gwajinki ɗaya.”

Yarinyar ta durƙusa ta yi godiya, ta tashi ta fita da gudu har ta manta littafinta. Daga waje suka ji jakar uwar ta faɗi ƙasa, suka ji muryarta tana hamdala tana kuka, tana maimaita wata biyar, wata biyar. Sauran biyun Sista ta ce su same ta a asibiti da littafi sabo, su sake nema baɗi, babu wanda zai kore su har abada tunda mai korar ma yana cikin jerin. Shi kuwa shugaba, kwamiti ya yi masa sassauci da ƙuri'a biyu: zai ci gaba da riƙe kujera in ya kawo wata guda na gaskiya, kuma a rage hoton ƙyalle.

Ranar Alhamis labarin ya riga shi isowa layi, karo na farko da wani abu ya riga muryarsa. Mun yi dariya har da riƙe ciki, kowa da littafinsa a cinya tawada ba ta bushe ba. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa ma biron aro ne a hannunsa, yana tsakiyar ƙirƙiro Larabarsa.

Sai ga shi ya shigo, yatsu biyu da filasta kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Mun zaci zai zauna a lungu ya yi shiru. Mun manta da wa muke. Ya tsaya a tsakiyar layi ya buɗe sabon littafi, lambobi huɗu ne kacal a ciki, kowace ta haura ɗari biyu.

“Ku duba nan,” ya ce. “Ɗari biyu da tamanin da bakwai, na gaskiya, da jinina. A duk layin nan wa yake da irinta? Gaskiya, 'yan'uwa, sai an yi mata tsari. Ni da na shekara talatin da ɗaya…”

Ƙofa ta buɗe, Sista ta leƙo da kati a hannu. Ba ta kira lamba ba, ba ta ce Jan Biro ba.

“Mai sugan jibi, shigo.”

Ya shiga, ƙofar ba ta rufu sosai ba, mu kuma kunnuwanmu lafiya lau, suga bai taɓa su ba. Muka ji likita ya ja kujera.

“Zauna, Sifeto. Kafin mu duba na yau, taimaka mini, ina son in tsara maganinka. Nawa za ka samu ranar Asabar?”